Akwatin da Na Ɗauka Zuwa Kwatano

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Matan da muke haɗuwa a gidan suna da gidan rasuwa, da maƙwabtana na nan Unguwar Rimi, har da masu zuwa gaishe ni daga Doka, kowa tambayarsa ɗaya: Hajiya, me ya kai ki Kwatano, ke da ba ki sarin atamfa? Wasu ma sun riga sun ba kansu amsa, wai magani na je nema. To, zan faɗa sau ɗaya, 'yata Binta tana rubutawa, duk wadda ta sake tambaya a miƙa mata. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa kama ni da ɓatar da zance ba.

Akwatin da za ku ji labarinsa ya shigo gidan nan shekarar da aka kulle gari saboda korona, har aka hana sallar Juma'a. Mai akwatin ya kwanta ciwo lokacin da aka canza kuɗi, mutane suka yi ta wuni a ƙofar banki. Ya rasu da damina, an riga an cire tallafin mai, kuɗin mota ya hana 'yan'uwanmu na ƙauye da yawa zuwa gaisuwa. Tafiyata kuwa ta zo bayan sallar layya ta gaba.

Mai akwatin ɗana ne na fari. Ku mata kun san yadda aka tashe mu, ba a faɗin sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai furta shi ba. Yana ƙarami ina cewa yaron nan, da aka haifi ƙanwarsa ya koma yayan Binta, haka har furfura ta fito masa a gemu.

Da rana ma'aikacin gwamnati ne, a sashen kwamfuta. In ya dawo ya yi la'asar, sai ya zauna kan wani aikin da babu mai biyansa. Na sha yi masa faɗa a kai. Wata rana ya zaunar da ni ya ce, hotuna da muryoyin da muke tarawa a waya ba a wayar suke zama ba, suna can ɗakunan wasu manyan kamfanoni a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba. Shi da wasu mutane a ko'ina cikin duniya suna gina wani tsari ne da mutum zai zuba a ƙaramar kwamfuta, ya ajiye ta a gidansa, kayansa su zauna ƙarƙashin rufinsa. Kowa na iya ɗauka kyauta, kowa na iya buɗe cikinsa ya ga yadda aka haɗa, in ya iya ya gyara. Na ce ai rumbu ke nan. Ya yi dariya ya ce rumbu ne, Hajiya. Na ce yaushe za a gama ginin? Ya ce ba a gamawa, kamar gidan ƙasa ne, kowace shekara da yaɓensa.

Ɓangarensa shi ne wuta. Turawan da suka fara aikin ba su san a ɗauke wuta ana tsakiyar abu ba. Shi ya koya wa tsarin yadda zai jure irin namu, a ɗauke, a kawo, a sake ɗaukewa kafin ka ajiye cokali.

Nawa akwatin baƙi ne, bai fi kwanon sha ba, yana kan kabad a falo da 'yar fitilarsa koriya. A ciki ya zuba hotunan gidan nan, da karatun marigayi mijina da ya kwaso daga tsofaffin kaset, da tatsuniyoyin da yake sa ni in yi wa 'ya'yansa yana ɗauka. Muryarsa tana ciki, yana tsokanata, yana dariya. Ya ce akwai ajiya ta biyu a kwamfutarsa, amma ya kulle ta da sirrin da ya tafi da shi, har yau babu wanda ya iya buɗewa.

Ƙoda ce ta kama shi. Ana wankin ƙodar yana aiki, kwamfuta a cinya, ina faɗa yana cewa saura kaɗan. Ashe gyara na ƙarshe da ya aika daga gadon asibiti da ɓaraka a ciki. In akwati yana cikin karɓar sabon gyaran aka ɗauke wuta, sai ya tashi wayam, kamar an bi rumbu da tsintsiya. Abin da ya yi shekaru yana tsarewa, shi ya faru ta hannunsa. Waɗanda abin ya taɓa kusan duk suna da ajiya a wani wuri, suka mayar da kayansu. Mutum ɗaya ne ba shi da ita, wani dattijo a Kwatano mai suna Kojo, tsohon ma'aikacin gidan waya. Matarsa ta rasu, kuma muryarta tana waƙa a cocinsu tana cikin akwatinsa ne kaɗai. Ya rubuto a dandalinsu inda kowa ke gani. Yaron nan ya amsa masa a taƙaice, ya ce ka jira ni, zan duba. Bai duba ba. An kai shi.

Ranar jana'iza liman ya yi tambayar da aka saba, duk mai haƙƙi a kan mamaci ya fito ko ya yafe, jama'a suka ce sun yafe. Ina cikin gida aka zo aka faɗa mini, na ji sanyi. Sai bayan sadakar arba'in matarsa ta ba Binta wayarsa, Binta ta tarar da saƙonnin dattijon nan a jere. Na farko da ladabi, na tsakiya da zafi, na ƙarshe kuma cewa kawai ya yi, har yanzu ina jiranka. Binta ta rubuta wa masu aikin a dandalinsu cewa ya rasu. Gaisuwa ta yi ta zuwa daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Kojo bai ce komai ba.

Na aika aka tambayo mini liman. Ya ce kuskure ne ba ganganci ba, aikin kuma don Allah ya yi, in kwantar da hankalina. Ban ƙi maganar malam ba. Amma mutumin da aka ce wa ya jira ba ya wurin da aka ce an yafe, kuma bai buɗe baki ba. Binta ta ce a rubuta masa a roƙe shi. Na ce ba a neman yafiyar mamaci ta waya, ƙofar mutum ake zuwa. Da ta gano cewa masu wannan aiki na ƙasashenmu na kusa suna taruwa sau ɗaya a shekara, kuma na bana a Kwatano ne, na ce ta nemi hutu a ofis.

Rigimarmu ta gaske a kan akwatin ce. Na ce da shi zan tafi. Ɗana ya ɓatar wa mutum da muryar matarsa, ni kuma abin da nake da shi irin wannan shi ne muryar ɗana, ita zan kai masa ya yi yadda ya ga dama. Binta ta yi kuka, ta ce aƙalla a nemo wanda zai kwafe kafin mu tashi. Na ce in na bar ta biyu a gida, me na kai masa? Na cire wayar wutar da hannuna, na naɗe shi a zanena na sallah, fitilar ta mutu. Tun rasuwar ban saurari ko ɗaya daga cikin abin da ke ciki ba.

Da safe keke ya kai mu tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. A jirgi na samu abokiyar zama, wata Bakatsiniya mai zuwa Abuja wankan jegon 'yarta. Da ta ji Kwatano, nan take ta fara lissafa mini kalar atamfar da zan taho mata da ita, ko sunan unguwarmu ba ta tambaya ba. Ta yi ta kallon ƙullin da ke cinyata, har ta kasa haƙuri ta ce ko gwal ne. Na ce ya fi. Ta so ta ɗora kwanon dambunta a kai don ta gyara ɗankwali, na kauce, kwanon ya tafi ƙasa. Rabin dambun ya zube. Na ba ta haƙuri, muka cinye sauran tare. Da muka iso wajen da aka taɓa tare jirgin nan, taragon ya yi tsit, sai motsin leɓe. Ni ban ji tsoro ba, abin da nake tsoro ya riga ya same ni.

Mun kwana a Kubwa wurin ƙawar Binta, washegari muka shiga doguwar mota zuwa Legas. Kafin a tashi wani mutum ya miƙe da littafinsa ya yi addu'a irin tasu da ƙarfi kamar yana faɗa da wani. Binta ta ce roƙon sauka lafiya yake yi, na ce amin. A Lakwaja aka tsaya, na sayi soyayyen kifi, barkonon da aka barbaɗa masa ya sa na yi ta hawaye, wata Bayarabiya ta gefena tana shafa mini baya tana dariya. Gaba da nan ruwa ya sauko, ashe tagar wajena ba ta rufuwa. Na cire hijabi na lulluɓe ƙullin, na zauna da ɗankwali a gaban maza, ruwa yana bin wuyana. Ni da ban taɓa fita ƙofar gida haka ba. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi fita.

A Agege muka sauka gidan Ladi, ƙanwar marigayi mijina, wadda ta je Legas tana amarya, yanzu Hausarta ta cakuɗe da Yarabanci. Ita ta yi goyon yaron nan yana jariri. Tana ganina ta fashe da kuka tana kiran sunansa, tana maimaitawa, ga shi, ga shi, kamar ruwa a bakinta. Na zauna ina kallon ta. Ban taɓa jin hassadar wata mace a kan zane ko miji ba, amma ranar na ji. Ta gasa mini ƙafa da ruwan zafi, ta yi mana waina da miyar taushe. Da ta ji abin da zan yi da akwatin, ta ce, matar yaya, taurin kan nan naki ne ya tsofar da yayana. Na ce ke kuma surutunki ne ya sa aka kai ki nesa. Muka yi dariya, sannan ta sake kuka.

Hanyar Seme ba ta da nisa amma tsayawa ta yi yawa, ka tashi a tsayar, ka tashi a tsayar. A bakin iyaka ga masu canjin kuɗi a ƙarƙashin laima, ga mata da kaya a ka suna wucewa kamar kasuwa. An duba fasfo, an duba katin rigakafi mai ruwan ɗorawa da Binta ta sa aka yi mini allurarsa a Kaduna. Sai wani jami'i ya ce a kwance ƙullin. Binta ta ce kwamfuta ce. Ya juya shi, ba allo, ba abin dannawa, ya ce wannan ba kwamfuta ba ce. Suka yi ta Turanci, murya tana hawa. Can ya dube ni, ashe Basakkwace ne, ya ce, "Inna, mi a cikin wanga abu?"

Na ce, "Muryar ɗana ce. Ya rasu."

Da hannunsa ya mayar da zanen ya naɗe, naɗin bai yi kyau ba amma ban gyara a gabansa ba. Ya ce Allah shi jiƙan shi, ya sa wani ya raka mu har inda ake shiga motar Kwatano.

Wanda ya tarbe mu shi ne Malam Isuhu, mutumin Damagaram, yana cikin masu aikin, shi ne kuma ya fi kusa da yaron nan duk da ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, na ce wannan an yi masa tarbiyya. Shi ya zama bakinmu da kunnenmu, don Turancin Binta bai yi aiki a can ba, Faransanci suke yi da yarensu.

Garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya, ruwan ɗorawa, da lamba a baya. Mata ma suna tuƙa nasu, da goyo, da kaya. Na ce ni ba zan hau ba. Muka tsaya a rana babu mota, ƙarshe na hau, hannu ɗaya a ƙullin, ɗaya a rigar yaron mutane, takalmina ɗaya ya faɗi a tsakiyar titi mota ta bi ta kai. Da silifa na wanka na shiga masauki. A Zangon Hausawa Isuhu ya sama mana ɗaki, gidan wani dillali, ana jin kiran sallah, wannan ya kwantar mini da rai. Sai dai iskar garin jiƙaƙƙiya ce saboda teku, ka shanya zane ya wuni bai bushe ba. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mutum ya saƙala shi a hammata ba leda, a haka zai kai wa iyalinsa. Na gutsura, ya nemi ya tafi mini da haƙori. Akwai wani abu kamar agidi mai tsami da suke ci da miyar tumatir da kifi, shi na iya ci, da yajin da na taho da shi daga gida.

An yi taron a wani ɗakin makaranta. Na sa kayana masu kyau, na aro takalmin matar dillali. Na shiga ina neman inda manya suke zama, babu. Kowa da kwamfuta a gabansa, wasu a kujera, wasu a ƙasa, yara da masu furfura a haɗe, ba a buɗe da addu'a ba, ba a gabatar da shugaba ba. Na ce wa Isuhu ya kai ni wurin mai aikin in fara gaishe shi. Ya ce, Hajiya, aikin ba shi da mai shi. Na ce to wa ke yanke magana? Ya ce ana gardama ne har a gaji, sai a bi wadda ta fi ƙarfi. Na kuwa gani da idona. Wata yarinya 'yar Togo ta tsaya tana musu da wani dattijo a kan yadda za a yi fitowa ta gaba, wato sabon gyaran da za su saki, ta nuna masa kuskurensa a bango kowa na kallo, shi kuma ya ce ta yi gaskiya, ya zauna. A gidanmu da an kira uwarta.

Da aka faɗa musu ko ni wace ce, duk suka miƙe tsaye suka yi shiru, kai a sunkuye. Isuhu ya raɗa mini cewa haka suke yi wa mamaci. Shirun babu komai a cikinsa, sai na zuba masa fatiha a zuciyata. Su a wurinsu da Shamuwa suke kiran yaron nan, sunan da ya sa wa kansa a aikin ke nan. Suka haska wasu layukan rubutu a bango, Isuhu ya ce duk wannan hannunsa ne, kuma yana aiki yanzu haka a gidajen mutane a wurare da yawa. Na kalla, ban ga komai ba sai tururuwa a jere, amma na kalla har aka kashe.

Sun yi mini bayani cewa an toshe ɓarakar tun tuni, wata mata ce a wata ƙasa mai sanyi ta gyara, kuma yanzu ba a sakin sabon gyara sai an gwada shi da ɗauke wuta da gangan. Sun ce a tsarinsu ba a karɓar aikin mutum sai wasu sun duba, kuma mutum biyu sun duba nasa suka bari ya wuce, don haka laifin na kowa ne. Ɗaya daga cikin biyun Bature ne, yana magana ta allo daga ƙasarsu, ya cire tabarau yana share ido. Ɗayan kuwa Isuhu ne. Shi ya karɓi ɓangaren wutar yanzu. Duk suka ce ɗana ba ya riƙe da haƙƙin kowa. Na gode musu. Amma ba su aka ce wa su jira ba. Kojo, wanda suka ce bai taɓa fashin taron ba, bana bai zo ba.

Washegari da hantsi Isuhu ya kai mu gidansa, can bayan gari, titin duk yashi. Dogo ne, siriri, ya girme ni kaɗan, da wando gajere. 'Yarsa ta kawo ruwa a kofi, ya fara kurɓa sannan ya miƙo mini, haka suke tarbar baƙo. Isuhu ya ce wasu kan zuba kaɗan a ƙasa don magabata. Ban zuba ba, na yi bisimilla na sha, bai nuna damuwa ba. A bango an rataye wani mafici na roba da fuskar mace a jiki. Su in an yi rasuwa sukan buga hoton mamaci a irin wannan su raba wa jama'a. Da a gida na ji labari da na yi tsaki. A can na ga yana duban maficin kafin ya zauna, sai na ja bakina. A kan tebur ga akwatinsa, irin nawa, fitila tana ci, ba komai a ciki.

Na yi masa gaisuwar matarsa, ya yi mini ta ɗana. Sannan na kwance zanen na ajiye nawa kusa da nasa. Na ce wa Isuhu ya faɗa masa yadda na faɗa, kada ya rage.

"Ɗana ya ɓatar maka da muryar matarka. Ga tasa nan. Babu ta biyu. Ka riƙe ko ka share, duk wanda ka ga dama. Ni dai ka sake shi."

Isuhu ya faɗa masa. Binta ta juya fuska bango. Dattijon ya dubi akwatin ya daɗe. Ya tambayi abu ɗaya, Isuhu ya amsa, ya sake tambaya, Isuhu ya sake amsawa. Sai ya miƙe ya hau Isuhu da faɗa, yana nuna akwatin, yana nuna hanya. Na ce a raina shi ke nan, ya ƙi. Isuhu ya juyo ya ce, Hajiya, cewa yake yi, ashe haka muka bari kika ratso ƙasa biyu da ruwan sama da babur, babu ajiya ta biyu? Ya ce ashe har yanzu ba mu koyi komai ba.

Ya shiga ɗaki ya fito da wata waya shuɗiya, ya haɗa akwatunan biyu. Ya ce nasa fanko ne, wuri ya yi yawa. Muka zauna ana kwafewa, 'yarsa ta kawo soyayyar doya ba wanda ya taɓa. A nan ya yi maganar shirunsa. Ya ce da ya ji rasuwar kunya ce ta kama shi, yana ta zagin mutum ashe mutumin yana kabari. Ya so ya rubuta cewa ba komai, hannunsa ya ƙi, don akwai komai. Ya ce yanzu in ya rufe ido yana ganin bakin matarsa yana motsi, amma sautin ya fara ɓace masa.

Da aka gama ya ce ba a yarda da ajiya sai an gwada. Ya danna, daga nasa akwatin, ba nawa ba. Sai ga yaron nan a ɗakin. "Hajiya, a sake ta daga farko, ban danna ba." Sai dariyarsa. Sai muryata tana cewa, kai yaro, ka fiye wasa da mutane.

Ban san lokacin da na sauko daga kujera na zauna a ƙasa ba. Ranar da aka fita da shi ban yi kuka a gaban mutane ba, an yi ta yabon dauriyata. A ɗakin wani Kirista a bayan Kwatano na yi shi.

Da na natsu na ce har yanzu bai faɗi abin da na zo ji ba. Ya ce zai faɗa, amma ba zai yafe wa Shamuwa ba, wannan sunan tsuntsu ne. Ya ga sunansa na yanka a rubuce a saƙon Binta, bai san yadda ake furta shi ba, wadda ta haife shi ta faɗa masa. Isuhu ya fara yi masa bayanin al'adarmu, Binta kuma ta buɗe baki za ta faɗa. Na ɗaga mata hannu.

Na faɗa. Ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara a rufe. Dattijon ya maimaita, bai yi daidai ba, na sake faɗa, ya sake gwadawa, har ya kama. Sannan ya dafa akwatin, ya kira sunan, ya ce ya yafe masa duniya da lahira, ko abin da Isuhu ya juya mini haka. Na ce Allah ya jiƙan matarka yadda ya ga dama. Binta, kada ki rubuta sunan a nan. Na faɗe shi inda ya kamata.

Kafin mu tashi Isuhu ya ɗaura akwatunan biyu, ta yadda duk abin da aka zuba a ɗaya zai bi intanet ya je ya kwanta a ɗayan. Na ce wa 'yar Kojo ta riƙa ɗaukar muryar babanta tun yana nan. Dawowa ba ta da labari, sai kumburin ƙafa, da atamfa ɗaya da na saya don Bakatsiniyar nan, ga ta a akwatin kayana, ban san inda zan same ta ba.

Ladi ta Agege ta rasu da azumin da ya wuce. Kojo ya bi ta da farkon damina, Isuhu ne ya bugo ya faɗa mana, aka aiko mini da mafici mai fuskarsa, na sa shi a kabad. Muryarsa tana nan a falona, yana ba jikokinsa labari da yaren da ban ji ko kalma ɗaya, wani lokaci bayan la'asar nakan ce Binta ta kunna mini. Muryar matarsa ba ta dawo ba. Isuhu yana nan a Damagaram yana fama da wuta, sun ce an kusa sakin sabuwar fitowa. 'Yar Kojo tana nan, ba ta bari fitilar can ta mutu. Binta ga ta. Sai ni.